Doki nawa ne a injin? Bambancin bhp da hp kafin ka biya kuɗin mota

Watan jiya ƙanina ya kira ni bayan sallar isha'i, daga muryarsa na san akwai abin da ya dame shi. Ya shekara biyu yana tara kuɗin mota. Ya je wajen masu sayar da motocin Kwatano ya tarar da Corolla biyu jere da juna, ɗaya ƙirar 2005, ɗaya ƙirar 2006. Dillalin ya buɗe waya ya nuna masa cewa ta 2005 doki 130 ce, ta 2006 kuma doki 126, saboda haka tsohuwar ta fi ƙarfi, ba zai rage masa ko sisi a kanta ba. Da ya koma gida ya shiga intanet don ya tabbatar, sai abin ya ƙara cakuɗe masa. Wani shafi ya rubuta hp, wani bhp, wani PS, wani kW, kuma lambobin kowa da nasa.

"Yaya, wanne ne na gaskiya a cikinsu?"

Na ce masa ya kwantar da hankalinsa, injin da ke cikin motocin nan biyu iri ɗaya ne, mai lita 1.8 da Toyota ke kira 1ZZ-FE. Ba inji aka rage wa ƙarfi ba, ma'aunin aka gyara. Zan dawo kan wannan, domin a nan ne ake yi wa mutane da yawa kwana.

Mu Hausawa ba baƙin kalmar ba ne. Mai sayar da na'urar sanyaya ɗaki zai tambaye ka, mai doki ɗaya kake so ko mai ɗaya da rabi. Manomin rani a fadama ya san injin ban-ruwansa doki nawa ne. Asalin wannan dokin na James Watt ne, injiniyan Sukotilan da ya inganta injin tururi a ƙarni na 18. Masu ma'adinai da masu injin niƙa na zamaninsa da dawaki suke aiki, shi kuma yana son ya gaya musu dawaki nawa injinsa zai maye. Sai ya tsayar da ƙa'ida cewa doki ɗaya shi ne ƙarfin da zai ɗaga nauyin fam 33,000 tsawon ƙafa ɗaya cikin minti ɗaya. A ma'aunin da muka fi sabawa da shi, kilo 76 ke nan a ɗaga shi mita ɗaya cikin daƙiƙa ɗaya. Ka ɗauki buhun siminti ɗaya da rabi, ka ɗaga shi daga ƙasa zuwa ƙugunka kafin a ce ɗaya, ka kuma ci gaba da yin haka kowace daƙiƙa ba hutawa. Wannan shi ne doki ɗaya, wato hp. A lissafin lantarki wat 746 ne, ko 745.7 in ana son a bi diddigi.

To hp ma'auni ne kawai, kamar mudu ko kilo. Bai gaya maka a ina aka auna ba. Shi kuwa bhp, harafin b ɗin da ke gabansa daga kalmar brake ya fito, wato birki, kuma shi ne ke faɗa maka yadda aka yi awon da inda aka yi shi. Ba birkin mota ake nufi ba, nan ne mutane da yawa ke kuskure. Wani injiniyan Faransa mai suna Gaspard de Prony ne ya ƙirƙiro dabarar a 1821. Ana samun katako biyu a matse sandar da injin ke juyawa da su, kamar yadda maƙeri ke riƙe ƙarfe da awartaki. A jikin katakon akwai dogon hannu da ake rataya wa nauyi a ƙarshensa. Inji na juyi yana ƙoƙarin tafiya da katakon, nauyin kuma na riƙe shi. Ana ƙara matsewa har a samu daidaito, sai a duba nauyin da aka rataya, da tsawon hannun, da yawan juyin da injin ke yi a minti. Daga waɗannan ukun ake fitar da ƙarfinsa. Yau ba katako ake sa wa ba, na'urar da ake kira dainamomita ce ke riƙe injin da ruwa ko da maganaɗisun lantarki, amma tunanin bai sauya ba, sunan ma ya zauna.

Ke nan bhp shi ne ƙarfin da ya fito a bakin karanshaf, wato sandar nan da injin ke juyawa, inda filawil yake, kafin ya shiga kuloci da giyabos. Girman dokin kuma ɗaya ne da na hp, wat 745.7. Amurkawa sun saba rubuta hp, mujallun motoci na Ingila sun saba rubuta bhp, amma in kamfanin mota na zamani ya ce injinsa hp 158 ne, a karanshaf ya auna, da dainamomita ya auna, wato bhp ɗin ne dai ya rubuta ba tare da harafin farko ba. A takardar motar yau, ɗan juma ne da ɗan jummai.

Na sha ganin bayanin da ke cewa hp shi ne ƙarfin inji ba a cire asara ba, bhp kuma bayan an cire. Wasu ma su juya shi su ce akasin haka. Duka biyun akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma sun haɗa abubuwa uku daban sun zuba a kwano ɗaya: wurin da aka auna, kayan da aka bari a jikin injin lokacin awon, da kuma dokin wace ƙasa aka yi lissafi da shi.

Bari in fara da wurin awo. Ƙarfi yana samuwa ne a cikin silinda, lokacin da fulogi ya tayar da wuta fetur ya kama ya tura fistin ƙasa. Injiniyoyi na iya lissafa wannan daga matsin da ke cikin silindar, suna kiransa ihp. Wannan lambar ita ce mafi girma, amma direba ba ya taɓa samunta, domin kafin ƙarfin ya fita daga injin sai gogayyar ringi da bangon silinda ta ci nata, biyarin sun ci nasu, famfon baƙin mai da kamshaf su ma sun ɗiba. Abin da ya tsira ya kai filawil shi ne bhp. Daga nan kuma tafiya ba ta ƙare ba. Sai ya ratsa giyabos, ya bi ta farfela in motar da ƙafar baya take ja, ya shiga aksul, sannan ya isa taya. Abin da ya taɓa kwalta shi ake kira whp, ƙarfin taya. Ƙiyasin da masu sana'ar suka saba yi shi ne motar da ke ja da gaba mai giyar hannu tana rasa kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari a wannan hanyar, mai otomatik irin na da takan rasa fiye da haka, mai ja da ƙafa huɗu kuma tana iya kaiwa kashi 20 ko ta haura. Corollar da aka rubuta wa 130, abin da ke isa ƙasa bai wuce 110 da wani abu ba, ranar da ta fito daga kamfani ke nan.

Wannan bambancin shi ne babba a cikin ukun, kuma shi ne wanda ba za ka gani a takardar talla ba. Inda za ka ci karo da whp shi ne wajen masu ƙara wa mota ƙarfi, waɗanda ke ɗora ta a kan nadi su taka totur tayoyi na juyawa motar na tsaye. In wani ya ce maka motarsa doki 200 ce a taya, wani kuma ya ce tasa 200 ce a takardar kamfani, ta farkon ta yi wa ta biyun nisa sosai. Kada ka taɓa jera waɗannan lambobin biyu kamar abu ɗaya ne.

Sai maganar kayan da ke jikin inji lokacin awo, wadda ita ce amsar tambayar ƙanina. Kafin 1972 kamfanonin Amurka kan auna inji tsirara. Ba matatar iska, ba salansa, ba altaneta da ke caji, wani lokaci har fanka a cire. Lambar ta fito ƙatuwa ta yi kyau a talla, amma ba wanda ke tuƙa inji a haka. Daga 1972 aka koma auna shi sanye da duk kayan da zai yi aiki da su a cikin mota. Shahararren injin nan na Chrysler, 426 Hemi, a 1971 an rubuta masa 425 a tsohon awo, 350 a sabo. Doki 75 suka ɓace a takarda alhali ba a kwance ko noti ɗaya ba.

A 2005 ƙungiyar injiniyoyin motoci ta Amurka, SAE, ta sake ɗaure ƙa'idar awon ta toshe 'yan kafofin da kamfanoni ke bi su ƙara lamba. Motocin Toyota da suka fito a matsayin ƙirar 2006 da sabuwar ƙa'idar aka auna su. Nan ne Corolla ta sauko daga 130 zuwa 126. Camry ɗin da muke kira Big Daddy, mai silinda huɗu lita 2.4, ta sauko daga 160 zuwa 154, mai V6 lita 3.0 kuma daga 210 zuwa 190. Duk wanda ya tuƙa Big Daddy V6 ta 2005 da ta 2006 ya san ba doki ashirin a tsakaninsu. Abin da ke ba ni takaici shi ne waɗannan motocin su ne suka cika kasuwanninmu, daga Kano zuwa Kaduna zuwa Sakkwato, kuma ana iya ɗora wa bawan Allah ƙarin kuɗi a kan bambancin da a takarda kaɗai yake. Ban ce dillalin ƙanina ya yi niyyar cuta ba, mai yiwuwa shi ma abin da ya gani a waya ya gaskata. Amma kuɗin gumin shekara biyu ne ake magana a kai.

Na ukun shi ne mafi ƙanƙanta, duk da shi ya fi yawan bayyana. Turawan nahiyar Turai ba su ɗauki dokin Watt yadda yake ba, sun daidaita shi da kilo da mita suka ce kilo 75 ne a mita ɗaya cikin daƙiƙa ɗaya, wato wat 735.5. Jamusawa na kiransa PS, Faransawa ch, Japanawa ma da PS suka saba. Dokinsu ya ɗan fi na Ingila da Amurka ƙanƙanta da kashi ɗaya da ɗigo huɗu cikin ɗari, shi ya sa lambarsu kan ɗan fi yawa. PS 150 daidai yake da hp 148. Bugatti Veyron da aka yi ta yayatawa da doki 1001, PS ne, a lissafin Ingila 987 ce. A motar talaka bambancin doki ɗaya ne ko biyu, ƙafarka ba za ta taɓa jin sa ba.

Hanyar fita daga duk wannan ruɗanin ita ce kilowat, kW, domin shi ba shi da na Jamus da na Amurka. Kilowat ɗaya hp 1.34 ne, ko PS 1.36. Motar da ta shigo daga Turai da takardunta, duba gurbin da aka yi wa alamar P.2, a nan ake rubuta ƙarfin injin da kilowat. Golf 3 mai lita 1.8 da direbobin haya ke ji da ita a tashoshinmu ta zo kala biyu, mai kW 55 da mai kW 66, wato PS 75 da PS 90. A ido ba ka rabe su, amma ga wanda zai cika ta da fasinja da kaya daga Katsina zuwa Kano, wannan bambancin na gaske ne, doki goma sha biyar cur. Irin wannan ya kamata mai saye ya tsaya ya bincika, ba rigimar b a gaban hp ba.

'Yan'uwanmu na Nijar kuma suna da nasu tarkon. A takardar motar da suke kira kart giriz akwai lamba da ake rubutawa da CV, za ka ga 7 ko 9 ko 11. Wannan dokin haraji ne, gadon tsarin Faransa, da shi ake yanke kuɗin binyet, wato harajin mota na shekara, da inshora, ba ƙarfin inji ba ne. Citroën 2CV da ta fito a 1948 daga nan ta samo sunanta, doki biyu a wajen masu haraji, alhali ɗan injinta na farko doki tara yake bayarwa. Peugeot 504 mai lita 2, wadda muka tashi muka ga ana harhaɗawa a Kaduna, CV 11 ce a lissafin Faransa, ƙarfinta na zahiri kuma ya haura doki 90. Wanda ya je Maraɗi ko Damagaram sayen mota ya ji an ce masa "shabo tara ce", kuɗin da zai riƙa biya duk shekara ake gaya masa.

Yanzu da mun warware sunayen, ga abin da na fi so mai karatu ya riƙe, domin a nan gizo ke saƙar. Lambar doki, kowace iri ce, ƙololuwar ƙarfin injin ce, kuma ba ya kai wa can sai ya yi juyi mai yawa. Corollar nan sai allurar juyi ta kai 6,000 a minti kafin ta ba ka 130 ɗinta. Yaushe rabon da ka ga mai hankali ya kai allurar nan 6 a titin Zariya Rod? Yawancin tuƙinmu tsakanin 1,500 ne da 3,000. Abin da kake ji a bayanka lokacin tashi daga danja ko hawan tudu da lodi shi ne ƙarfin murɗawa, wanda ake rubutawa da Nm. Alaƙarsu mai sauƙi ce: ka ninka Nm da yawan juyi a minti, ka raba da 9,549, kilowat zai fito.

Ɗauki Land Cruiser mai tsohon injin dizal 1HZ, lita 4.2, irin wadda ke keta rairayin Agadas. A takarda kW 96 ce, kusan doki 130, kunnen doki da Corolla ke nan. Amma ita tana ba da Nm 285 tun a juyi 2,200, Corolla kuwa iyakarta Nm 170 ne, shi ma sai ta kai 4,200. Yi lissafin a juyi 2,200: Land Cruiser na fitar da doki 88, Corolla ko da a ce ta ba da dukan murɗawarta a wannan wurin ba za ta kai 53 ba. Shi ya sa ɗaya ke jan tan na kaya cikin yashi tana gurnani a hankali, ɗayar kuma sai ka sauke giya ta yi ta ihu kafin ta haye gada da mutum biyar. Lambar doki ɗaya, aiki daban.

Nauyin jikin motar ma haka. Big Daddy mai silinda huɗu ta fi Corolla da doki kusan talatin, amma ta fi ta nauyi da kilo wajen ɗari uku. In ka raba dokin da tan ɗin kowace, duk suna faɗawa wajen 108 zuwa 110 a tan ɗaya. Wanda ya sayi Camry ɗin ya sayi faɗi da laushi da natsuwa a doguwar hanya, ya kuma ɗauki ƙarin kuɗin mai, amma kada ya zaci zai bar Corolla a baya don takardarsa ta fi lamba.

Sannan duk waɗannan lambobin a ɗakin gwaji aka samo su, an daidaita su da iska mai zafin digiri 25 da matsin da ya kusa na bakin teku. Inji da iska yake rayuwa, iska mai zafi ko ta kan tudu kuma ba ta da kauri, iskar da wuta ke buƙata ta yi ƙaranci a cikinta. Injin da ba shi da tabo, na'urar nan da ke cusa wa inji iska, yana rasa kusan kashi 3 cikin ɗari a duk hawan mita 300. Jos ta haura mita 1,200, ke nan motar da ke da doki 130 a Legas, in ta hau Filato tana wajen 115. Ƙara da zafin watan Afrilu a Kano ko Maiduguri da ke haura digiri 40, ga kamfuresan esi yana jan nasa rabon daga injin. Duk direban da ya ce motarsa ta fi lafiya da asuba ba camfi yake yi ba. Mai tabo ya fi jure wannan, domin tabon na cusa iska da ƙarfi, sai dai shi kuma yana son baƙin mai mai kyau da canji a kan lokaci.

To wanne za ka bi wajen zaɓe? In motoci biyu kake kwatantawa, fara tabbatar da cewa lambobin daga gida ɗaya suka fito. Mayar da su duka kilowat. In ɗaya ƙirar Amurka ce ta kafin 2006 ɗaya ta bayanta, duba lambar injin kafin ka yarda an samu canji. Bambancin da bai kai doki biyar ba, ka manta da shi kawai. Mai zirga-zirgar cikin gari, ofis da makarantar yara da kasuwa, doki 100 zuwa 130 a ƙaramar mota sun ishe shi, shan mai da samun kayan gyara a Ƙofar Ruwa ko Panteka sun fi lambar muhimmanci a wajensa. Mai yawan doguwar tafiya da iyali, wanda zai riƙa wuce tirela a hanya mai hannu ɗaya, shi ne dokin ke yi wa rana da gaske, domin daƙiƙun da ka ɗauka a hannun wasu kafin ka koma naka su ne mafi haɗari a duk tafiyar, kuma a nan ne ake taka totur har ƙasa allura ta hau. Mai ɗaukar buhuna zuwa kasuwannin ƙauye ko shiga daji da damina, ya bar doki ya tambayi Nm da juyin da yake zuwa.

Kuma a tuna tsohuwar mota ake saye, ba wadda aka auna a ɗakin gwaji ba. Ringi ya ci, nozul sun toshe, matatar iska ta sha ƙurar hunturu, fulogi sun tsufa. Abin tace hayaƙin nan da makanikai ke kira indomi, in ya toshe yana shaƙe inji har mota ta kasa hawa tudu, in kuma lafiyarsa ƙalau cire shi ba ya ƙara wani ƙarfin kirki, sai warin hayaƙi da fitilar gargaɗi a dashbod. Waɗannan kaɗai na iya cin dokin da ya ninka wanda ake jayayya a kansa tsakanin 130 da 126.

Ranar Asabar muka koma da ƙanina tare da makanikin da na daɗe ina kai wa mota. Ya zare fulogin kowace mota ya ɗaura agogon awon matsi a silinda ɗaya bayan ɗaya, yaronsa na murza makulli. Ta 2006 silindojinta huɗu sun zo kusa da juna. Ta 2005, wadda aka ce ta fi ƙarfi, silinda ta uku ta faɗi ƙasa da sauran sosai, fuloginta kuma ya fito baƙi yana naso. Ya ɗiga ɗan baƙin mai a ramin ya sake aunawa, allura ta tashi. Ya goge hannu a tsumma ya dubi ƙanina ya ce, "Alhaji ƙarami, ringin wannan ya tafi, in ka saye ta kafin babbar sallah za ka sauke inji." Dillalin ya leƙa agogon da kansa, ya yi shiru, sannan ya ce a je ofis a yi maganar ta 2006.